Bututun intakula a motocin a-kori-kura masu shan dizal

Bututun intakula shi ne bututun da ke ɗaukar iskar da turbo ya matsa ya kai ta na'urar sanyaya iska, wadda makanikai ke kira intakula, sannan ya ɗauko ta daga can zuwa cikin inji. A motocin a-kori-kura masu shan dizal yawanci bututun biyu ne, ɗaya na iska mai zafi, ɗaya na wadda ta huce. Babu wani abu mai juyawa a cikinsa, kuɗinsa kuma bai taka kara ya karya ba idan aka gwada shi da na turbo ko na famfon mai, amma yana cikin sassan da suka fi tsayar da irin waɗannan motoci a hanya. Idan ya fashe ko ya kwance, inji yakan rasa ƙarfi nan take. Idan kuwa ƙaramin yoyo ne aka yi sakaci da shi, ɓarnar takan zarce ta shafi turbo da matatar hayaƙi, waɗanda suka ninka shi tsada sau da yawa.

Aikinsa a jikin inji

Ƙarfin injin dizal ya ta'allaƙa ne da yawan iskar da ta shiga silinda, domin mai ba ya ƙonewa sai da oksijin. Turbo yana amfani da hayaƙin da ke fita daga inji wajen juya wata fanka, ita kuma ta juya 'yar'uwarta da ke tura iska ciki da ƙarfi. Sandar da ta haɗa fankokin biyu takan yi juyi fiye da 100,000 a minti ɗaya. Sai dai duk iskar da aka matsa sai ta ɗauki zafi. Idan zafin gari ya kai digiri 40, turbo kuma ya ƙara matsin bar 1.5 a kan na sarari, iskar da ke fita daga bakinsa takan kai wajen digiri 170. Iska mai zafi a sake take, oksijin ɗin da ke cikin kowace lita kaɗan ne. Tana kuma ƙara wa fistin da bawul zafi, ta ƙara yawan gubar da ke fita a hayaƙi.

Wannan ne ya sa ake ratsa iskar ta cikin intakula kafin ta shiga inji. Mafi yawan intakula siffar lagireto gare su, ana kafa su a gaban mota ko a saman inji, iskar waje tana ratsa tsakanin siraran bututunsu tana kwashe zafin. Akwai kuma waɗanda ruwa ne ke sanyaya su. Intakula mai lafiya takan sauko da zafin iskar har ya kusa da na gari.

Bututun da ya tashi daga turbo zuwa intakula shi ne na ɓangaren zafi, wanda ya tashi daga intakula zuwa maƙogwaron inji kuma shi ne na ɓangaren sanyi. Su biyun suna ɗauke da matsi kusan iri ɗaya, amma wahalarsu ta bambanta. Na zafi yana fama da wuta da tururin baƙin mai. Na sanyi, da yake zafinsa da sauƙi, shi ne kamfanoni suka fi yi da filastik, shi ya sa ya fi saurin tsagewa. Dukkansu sun haɗa abu biyu da ba sa motsi tare: inji yana girgiza yana karkata a kan robobinsa duk lokacin da aka taka totur, intakular da ke gaba kuwa a jikin mota take a kafe. Dole ne bututun ya shanye wannan bambanci, galibi ta gajerun tiyo na roba da ke bakunansa.

Ƙarfin da ke neman raba mahaɗa ba kaɗan ba ne. Bututu mai faɗin milimita 76, wato inci 3, wanda ya zama ruwan dare a manyan motocin Amurka, fuskar bakinsa ta kai murabba'in santimita 45. A matsin bar 2, iskar tana tura mahaɗar da ƙarfin da ya kai wajen kilo 90, kusan nauyin babban buhun masara, kuma kilif ɗaya ne da bakin tiyo ke riƙe da shi. Wannan ƙarfi yana zuwa yana tafiya duk sanda direba ya taka ko ya saki totur.

Tarihi

Injiniyan ƙasar Suwizalan Alfred Büchi ne ya yi rajistar fasahar turbo a 1905, kuma manyan injunan jiragen ruwa da na ƙasa ne suka fara cin gajiyarta. Shigarta motocin a-kori-kura ta ɗauki lokaci. A Amurka, kamfanin Dodge ya fara sa injin Cummins mai lita 5.9 a motocinsa na Ram a 1989, da turbo amma babu intakula, sai a tsakiyar 1991 aka ƙara ta. Ford ya fito da injin Power Stroke mai lita 7.3 a 1994, ya ƙara masa intakula a motocin Super Duty na 1999. General Motors, tare da Isuzu, ya fito da Duramax mai lita 6.6 a motocin 2001, shi kuwa da intakularsa ya zo.

A matsakaitan motoci irin su Toyota Hilux, injin 1KD-FTV mai lita 3.0 da ya yi zamani daga wajen 2005 yana da intakularsa a saman inji, da ƙofar iska a kan bonet, don haka bututunsa gajeru ne. Da aka sauya zuwa injunan 1GD-FTV mai lita 2.8 da 2GD-FTV mai lita 2.4 a 2015, intakula ta koma gaban mota, bututun ya ƙara tsawo, mahaɗai suka ƙaru.

Dokokin rage hayaƙi sun ƙara wa wannan bututu nauyi. Daga 2007 a Amurka, daga 2009 kuma a Turai ƙarƙashin ƙa'idar Euro 5, matatar hayaƙi, wato matatar kunkunniya da ke salansa, ta zama abin da sababbin motocin dizal ba sa rasawa. Injuna suka koma aiki da matsi mafi yawa, ƙarƙashin bonet ya ƙara cushewa ya ƙara zafi, ana kuma mayar da tururin da ke tashi daga cikin inji zuwa bakin turbo maimakon a sake shi waje. A lokaci guda kamfanoni suna neman rage nauyi da kuɗi, sai filastik ya maye gurbin ƙarfe a wurare da dama.

Kayan da ake yin sa da su

Ana yin jikin bututun da ƙarfe, ko alminiyam, ko filastik mai jure zafi, yawanci nailan da aka ƙarfafa da zaren gilashi, ko kuma roba mai kauri da aka saƙa zare a cikinta. Bututun ƙarfe nagari yana da ɗan tudu da ya kewaye bakinsa. A bayan wannan tudu ake ɗaure kilif, shi ne ke hana tiyo zamewa.

Robar ma iri-iri ce. Wadda ake yin tiyon lagireto da ita tana jure ruwan zafi amma baƙin mai yana kumbura ta, saboda haka ba ta dace da nan ba ko da girman ya zo daidai. Silikon yana jure zafi ƙwarai, sai dai mai yana ratsa shi sannu a hankali in ba a yi masa shimfiɗa ta musamman a ciki ba. Tiyo mai inganci yakan zama hawa huɗu ko biyar na silikon da zare, da wannan shimfiɗar mai hana mai wucewa.

Kilif ɗin da aka fi gani uku ne. Akwai na gama-gari da ake ɗaurewa da sukundireba, wanda ramukansa kan yanke roba mai laushi. Akwai mai faɗi da ake ɗaurewa da noti, wanda ke matse tiyo daidai ta kowane gefe. Akwai kuma mai sifirin, wanda ke ci gaba da matsewa yayin da roba ke lotsawa ko ƙarfe ke buɗewa da tsukewa saboda zafi da sanyi. Motocin zamani da yawa ba sa amfani da kilif a wasu mahaɗai. Bakin bututun ne ke shiga soket mai zoben roba, wata waya mai lanƙwasa ta kulle shi.

Dalilan lalacewa

Da wuya bututun intakula ya lalace haka kawai. Kusan kullum akwai abin da ya ci shi, kuma gano wannan abin shi ne rabin gyara.

Na farko shi ne zafi da sanyi. Kowace tafiya tana gasa bututun, kowace tsayawa tana hucar da shi. Da shekaru suka tura, filastik yakan bushe ya yi gautsi, musamman a layin da aka haɗe shi a masana'anta, da wurin lanƙwasa, da gindin soket na na'urar auna zafi. Roba kuma takan taurare ta yi ƙananan tsaga, zaren cikinta ya tsintsinke, sai a ga wuri ya kumbura kafin ya fashe.

Na biyu shi ne baƙin mai. Ɗan damshin mai a cikin bututun ba laifi ba ne a injin dizal, domin tururin da ake mayarwa bakin turbo yana ɗauke da shi. Amma mai yana laushe roba daga ciki, yana kuma shiga tsakanin tiyo da ƙarfe ya sa santsi, sai mahaɗa ta zame ko da kilif a ɗaure yake. Idan man ya yi yawa har yana taruwa, to ana zargin zoben turbo ya ci, ko filtar iska ta toshe, ko ringin fistin ya gaji yana barin hayaƙi ya sauka cikin inji.

Na uku shi ne motsi. Robobin da inji ke zaune a kansu idan suka mutu, inji yakan karkata fiye da ƙima ya fizgi bututun. Haka nan idan wani noti mai riƙe bututun ya ɓace, ko aka mayar da shi a karkace bayan wani gyara, sai ya riƙa gogar jikin mota ko tiyon sitiyari ko wayar lantarki har ya huje. Hanya mai gargada tana hanzarta wannan.

Na huɗu shi ne ƙarin matsi. Masu taɓa kwamfutar inji don ƙara ƙarfi suna ɗora wa bututun nauyin da ba a ƙera shi dominsa ba. Ko ba a taɓa komai ba, jan tirela mai nauyi a kan hawa yana riƙe matsi da zafi a ƙololuwa na tsawon mintuna, shi ya sa fashewa ta fi aukuwa a irin wannan lokaci. Turbo mai fukafukai masu motsi, idan kunkunniya ta maƙale su a rufe, shi ma yakan tura matsi ya wuce iyaka.

Na biyar shi ne hannun mai gyara: kilif da aka ɗaure a kan tudun baki maimakon bayansa, ko aka matse shi har ya murƙushe wuyan filastik, ko tsohon zoben roba da aka mayar, ko girisi da aka shafa don tiyo ya shiga da sauƙi.

Motocin da aka sani da matsalar

A Amurka, inda ake jan manyan tireloli da waɗannan motoci, Ford Super Duty mai injin Power Stroke lita 6.7 na shekarun 2011 zuwa 2016 ya yi suna da fashewar bututun ɓangaren sanyi. Intakular wannan inji ruwa ne ke sanyaya ta, bututun da ya tashi daga gare ta zuwa maƙogwaron inji kuma na filastik ne, yakan tsage ba tare da wani gargaɗi ba, sau da yawa ana tsakiyar jan kaya. Wani da ya gabace shi mai lita 6.0, na 2003 zuwa 2007, an fi saninsa da zamewar tiyon ɓangaren zafi da mai ya jiƙa. Duramax samfurin LML na 2011 zuwa 2016 shi ma yana da filastik a ɓangaren sanyi, kuma ana yawan sauya shi da na ƙarfe. Yawan waɗannan matsaloli ne ya haifar da kasuwa guda ta kamfanoni masu ƙera bututun alminiyam da na ƙarfen da ba ya tsatsa.

A matsakaitan motoci, Ford Ranger da aka fara fitarwa a 2011 da injunan lita 2.2 da 3.2, tare da Mazda BT-50 da suka yi tarayya a ƙira, an san su da tsagewar tiyon roba na intakula, musamman a Ostareliya inda ake doguwar tafiya da su ana jan kaya. Sauran motocin wannan aji, irin su Nissan Navara da Mitsubishi L200 da Isuzu D-Max, tsarin iskarsu ɗaya ne, don haka tsufa da mai da girgiza suna yi musu irin wannan aiki.

Alamomi

Fashewa gaba ɗaya ba ta ɓoyuwa. Direba yakan ji ƙara mai ƙarfi daga gaba, sai hucin iska, mota ta yi sanyi kamar an riƙe ta, baƙin hayaƙi ya turnuƙe a baya idan motar ba ta da matatar kunkunniya. Inji yakan ci gaba da aiki, amma ba ya iya jan kaya.

Ƙaramin yoyo ne ke da wuyar sha'ani. Alamunsa su ne fito ko huci da ke tashi sa'ad da aka taka totur ya ɓace idan aka saki, da nauyin jiki a kan hawa, da ƙarin shan mai, da jiƙar baƙin mai da ƙura ta manne a kai a gefen wata mahaɗa. Wannan tabo na mai yana daga cikin shaidu mafi aminci, domin iskar da ke tsira tana fesa shi a daidai wurin da ta fita, wani lokaci har a jikin bonet daga ciki. Tsagar da ke jikin tiyo takan rufe bakinta idan inji na tsaye, ba ta buɗewa sai matsi ya taru, shi ya sa ido kaɗai kan wuce ta.

Dalilin baƙin hayaƙin a fili yake. Na'urar da ke auna yawan iska tana gaban turbo, ta riga ta ƙirga iskar kafin ta zube a hanya. Kwamfutar inji sai ta ba da mai daidai da iskar da ba ta iso ba, man da bai ƙone sosai ba ya zama kunkunniya. Idan na'urar auna matsi ta ga abin da ya iso bai kai abin da ake nema ba, kwamfuta takan kunna fitilar gargaɗi a dashbod ta ajiye lambar P0299, wadda ke nufin ƙarancin matsin turbo. Wani lokaci lambar P0101 ta na'urar auna iska takan biyo baya. Motoci da yawa sukan rage wa kansu ƙarfi da gangan don kare inji.

A mota mai matatar kunkunniya, hayaƙin ba ya fitowa a gani, matatar ce ke shanye shi. Abin da za a lura da shi shi ne motar tana yawan ƙona kunkunniyar da ta taru a matatar fiye da yadda ta saba, daga baya matatar ta toshe. A injunan da ke fesa ƙarin dizal cikin silinda don wannan ƙonawa, wani ɓangare na dizal ɗin yakan sauka ya tsinka baƙin mai. Turbo kuwa, da yake kwamfuta na tilasta masa cike giɓin, yana juyi fiye da ƙa'ida, zafin hayaƙi yana hawa, kwanansa yana raguwa.

Gano wurin yoyo

Lambar P0299 ba ta cewa bututu ne. Toshewar filtar iska, da maƙalewar fukafukan turbo, da bawul ɗin mayar da hayaƙi da ya tsaya a buɗe, da yoyon hayaƙi kafin turbo, da na'urar auna matsi da kunkunniya ta rufe, duk suna iya kawo ta. Amma da yake bututun ne mafi arha kuma mafi sauƙin dubawa, da shi ake farawa. An sha sauya turbo mai lafiya alhali tsaga ce a ƙarƙashin tiyo.

Ana farawa da ido da hannu bayan inji ya huce. A bi bututun daga turbo har maƙogwaron inji da tocila, a matsa kowane tiyo, a lanƙwasa shi, a shafa ƙasansa inda ido ba ya kaiwa. Wurin da ya yi laushi fiye da sauran, ko ya kumbura, ko ya yi sheƙi saboda guga, abin zargi ne.

Gwajin da ya fi tabbaci shi ne na iska. A toshe hanyar iskar da murfi mai bakin hura iska, a tura iska daga kwamfaresa ta na'urar daidaita matsi, a fara da kaɗan a riƙa ƙarawa, kada a wuce matsin da injin ke aiki da shi. Sai a fesa ruwan sabulu a kowace mahaɗa. Inda ke yoyo zai yi kumfa, babban yoyo kuwa kunne ma zai ji shi. Murfin gwaji yana iya fizgewa da ƙarfi, don haka ana ɗaure shi sosai kuma ba a tsayawa a saitinsa. Wasu garejoji suna amfani da injin hayaƙi, wanda ke nuna manyan ramuka da kyau amma yakan wuce tsagar da ba ta buɗewa sai da matsi. A wannan gwaji ake duba ita kanta intakular, musamman inda aka danne murfin filastik a jikin alminiyam.

Yadda ake sauyawa

A yawancin motoci aikin bai wuce na awa ɗaya ko biyu ba, kayan aikin kuma sufana ne da soket da sukundireba. Ana barin inji ya huce, a cire kan batir, a zare wayar duk wata na'urar awo da ke jikin bututun. Sai a sassauta kilif, ko a ɗaga wayar makulli a mahaɗa mai soket, a murɗa tiyo a hankali har ya saki. Ba a banƙarar wuyan filastik da sukundireba.

Da zarar bututun ya fita, a rufe bakin turbo da na intakula da na inji da murfi mai tsabta. Noti ɗaya ko ƙyallen da aka manta a ciki ya isa ya lalata fankar turbo ko bawul. Idan filastik ne ya fashe, a tattara gutsattsarinsa a tabbatar babu wanda ya shige maƙogwaron inji.

Daga nan sai a duba yawan man da ke cikin intakula. Idan ya taru, musamman bayan lalacewar turbo, dole a cire ta a wanke ta ta bushe. Injin dizal yana iya ƙona baƙin mai kamar yadda yake ƙona dizal. Idan iska ta kwashi man da ya taru ta watsa cikin silinda, inji yakan ɗauki gudu da kansa, kashe makulli ba ya tsayar da shi, har sai an toshe masa iska ko ya tarwatse.

Kafin a sa sabon, a goge wuyan ƙarfe da cikin tiyo da abin da ke cire maiƙo har su bushe ƙayau. A mahaɗa mai kilif ba a shafa mai ko girisi. A mahaɗa mai soket ana sa sabon zoben roba, a ɗan shafa masa abin da kamfanin ya amince da shi, a tura har a ji makulli ya kama, sannan a ja baya don tabbatarwa. Ana jera dukkan sassan a sake tukuna, a daidaita su yadda babu inda ke ja ko murɗewa, a tabbatar akwai tazara tsakanin bututun da duk abin da ke kusa, sannan a ɗaure. Kilif yana zama a bayan tudun baki, a miƙe, da ƙarfin da littafin motar ya faɗa. A mayar da na'urorin awo, a sake gwajin iska, a goge lambobin kwamfuta, a fita da motar a taka ta a kan hawa. Bayan 'yan kwanaki ana sake duba kilif, domin sabuwar roba takan lotsa.

Wanda ya sa sabon bututu bai duba robobin inji ba, bai nemi tushen man ba, bai kawar da abin da ke guga ba, ya kashe maciji ne bai sare kansa ba. Sabon zai bi sawun tsohon.

Na kamfani ko na ƙarfe

Ga motar da ba a taɓa kwamfutarta ba kuma ba ta jan kaya mai nauyi, bututun kamfani ya wadatar, kuma ya fi dacewa da wurinsa. Ga samfuran da aka san filastik ɗinsu da fashewa, ko motar da ke aiki nesa da gari, bututun alminiyam ko na ƙarfen da ba ya tsatsa ya fi kwanciyar hankali. Sai dai ƙarfe ba ya lanƙwasawa, don haka dukkan motsin inji yana komawa kan tiyon bakunansa da wuyan intakula. Idan tiyon gajere ne ko mai tauri, wuyan ne zai tsage, kuma ya fi bututun tsada. Bututun ƙarfe nagari yana da tudun baki, da walda mai tsabta daga ciki, da gurbin kowace na'urar awo. Ƙara faɗinsa ba ya ƙara wa injin da ba a taɓa ba wani ƙarfin a-zo-a-gani. Amfaninsa ƙarko ne.

Gyaran wucin gadi

Tiyon da ya zame ana iya goge shi a mayar a ɗaure. Wanda ya tsage ana iya naɗe shi da robar tayar ciki a ɗora kilif ko waya a kai, a tafi a hankali ba tare da taka totur sosai ba. Wannan na kai mota gareji ne kawai. Gam ba ya riƙe nailan da mai ya jiƙa. Tafiya da bututu a kwance kuwa tana da haɗari, domin inji zai riƙa shaƙar iskar da ba ta bi ta filta ba, ƙura kuma tana cin silinda da ringi cikin ɗan lokaci.

A ƙasar Hausa

Ba kowace a-kori-kura ce ke da wannan bututu ba. Hilux da yawa a Najeriya na fetur ne, wasu kuma na dizal ne masu injin 5L-E marar turbo, haka ma Land Cruiser mai injin 1HZ da ake ji da ita a hanyoyin hamada. Amma sababbin motocin dizal da hukumomi da kamfanonin gine-gine da ƙungiyoyin agaji ke amfani da su galibi masu turbo ne. Yanayin da suke aiki a ciki yana da tsanani: zafin bazara da ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Agadas, da ƙurar hunturu mai toshe filta da fuskar intakula, da gargada, da lodi fiye da ƙima. Tiyon gwanjo da ake samu a kasuwannin kayan mota irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna ya riga ya sha shekarunsa na zafi a wata motar, don haka ana duba cikinsa da taushinsa kafin a saya, ba a kuma musanya shi da tiyon lagireto.

Kulawar da ake bukata kaɗan ce. Duk lokacin da aka sauya baƙin mai, a duba mahaɗai ko akwai tabon mai, a taɓa kilif, a duba wuraren guga da robobin inji, a sauya filtar iska a kan kari, a wanke fuskar intakula da ruwa marar ƙarfi. Motar da ke tafiya mai nisa ta riƙe tiyo ɗaya da kilif biyu a akwatin kayan aiki. Duk sabon fito da aka ji daga ƙarƙashin bonet a kai shi gwajin iska a makon da aka ji shi, kafin yoyon ya taɓa turbo da matatar hayaƙi.